Darasin Wata: Yawon Buɗe Ido Zuwa Tafkin Tiga

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Akwai manoma a Kura da Bunkure da Garun Malam da suka daɗe suna noman rani da ruwan Tiga, amma ba su taɓa zuwa Tiga ba. Akwai kuma mutanen birnin Kano da ke shan ruwan, su ma ba su san inda ya fito ba. Sunan kawai suke ji.

Darasin wannan wata a kan ziyarar Tafkin Tiga ne. Zai bayyana inda tafkin yake, da yadda aka yi shi, da abin da baƙo zai gani a ruwan da duwatsun da ke kusa da shi. Zai kuma nuna yadda ajin yaƙi da jahilci ko ƙungiyar manoma za su shirya tafiyar, su je lafiya su dawo lafiya. A karanta a hankali, domin akwai tambayoyi a ƙarshe.

MENE NE YAWON BUƊE IDO?

Mutum yakan yi tafiya don fatauci, ko cin rani, ko zumunci, ko neman magani. Akwai kuma tafiyar da ake yi don kallo da ƙaruwa. Ita ce ake kira yawon buɗe ido. Mai yin ta yakan je ya ga tafki, ko dutse, ko daji, ko wani wurin tarihi. Ya huta, ya yi tambaya, ya koma gida da labari.

Wasu na tsammanin wannan aikin Turawa ne da masu kuɗi. Ba haka ba ne. Manomin da ya sha wahalar damina, ya gama girbi, ya cancanci hutun yini ɗaya. Matar da ta shekara tana daka da girki da reno, ita ma haka. Kallon halittar Allah na wanke zuciya, yana kuma sa mutum tunani. Ga wanda ya fara koyon karatu da rubutu kuwa, irin wannan tafiya aji ce guda. Zai karanta allunan bakin hanya da kansa, ya rubuta sunayen garuruwa, ya yi lissafin kuɗin mota.

INA TAFKIN YAKE?

Tafkin Tiga yana Jihar Kano, kudu da birni, nisan kilomita 70 ko kusa da haka. Bangon da ya tare ruwan yana cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji. Ruwan kuwa ya malala har ƙasar Rano da ta Tudun Wada.

Wanda ya taso daga Kano zai bi hanyar Zariya, ya wuce Kura da Kadawa, sannan ya ratse ya bi ta Bagauda. Akwai kuma hanyar da ta bi ta Rano da Rurum. Idan hanya da kyau, mota ba ta wuce awa biyu daga birni. Saboda haka ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a bambanta. Dam, ko madatsar ruwa, shi ne bangon da aka gina aka tare kogi. Tafki kuwa shi ne ruwan da ya taru a bayan bangon. Mutane sukan haɗa duka biyun su ce Dam ɗin Tiga.

YADDA AKA YI TAFKIN

Kafin 1971 babu tafki a wurin. Kogin Kano ne ke wucewa. Da damina ya cika ya tumbatsa, da rani ya janye ya bar yashi. Ruwan yakan wuce a cikin 'yan watanni, manomi ya zauna ba aiki har wata daminar.

Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka gina madatsun ruwa da yawa don a riƙe ruwan damina a yi amfani da shi da rani. An fara da ƙaramin dam na Bagauda. Daga nan aka kama aikin Tiga a 1971, aka gama a 1974. A waɗannan shekaru ne aka yi babban farin da ya kashe dabbobi da amfanin gona a ƙasar Hausa. Wanda ya ga wannan fari ba sai an gaya masa amfanin tara ruwa ba.

Da ƙasa aka yi bangon. An jibge ta, aka danne da manyan injuna, hawa bisa hawa. Tsawonsa daga ƙasa zuwa sama mita 48 ne, wato kamar bene mai hawa 16. Daga wannan baki zuwa wancan kuwa kilomita 6 ne. Mai tafiya a ƙasa zai yi fiye da awa ɗaya kafin ya ƙure shi.

A farkon gininsa, idan tafkin ya cika, yakan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Wannan daidai yake da kadada 17,800. Da aka gina shi, an tsara ya ɗauki ruwa kusan mita mai kusurwa miliyan 2,000. Mita ɗaya mai kusurwa lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai cin lita 25. A 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe, ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Bayan wannan, a 1992, aka rage tsawon mafitar ruwan Tiga, don kada tafkin ya cika fiye da abin da bango zai iya ɗauka.

Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da dam ɗin.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Abu na farko shi ne ruwan kansa. Mutumin da bai taɓa ganin abin da ya fi kududdufin ƙauye ba, idan ya tsaya a bakin Tiga zai yi shiru tukuna. Ruwa ne iyakar ganin ido. Da sassafe yakan kwanta lumui kamar madubi, inuwar dutse da ta gajimare ta fito a cikinsa. Da rana ta ɗaga iska takan taso, igiyar ruwa ta riƙa dukan gaɓa. Da yamma kuma hasken rana ya rina shi ja.

Abu na biyu shi ne duwatsu. Ƙasar Tiga da Rurum da Rano ƙasar duwatsu ce. Wasu manya ne masu sulɓi, kamar an kifa ƙwarya. Wasu kuma kamar an ɗora wani bisa wani da hannu, mutum ya ga kamar za su faɗo, alhali sun daɗe a haka tun kafin kakannin kakanni. Masana ilmin ƙasa sun ce asalin irin waɗannan duwatsu narkakken dutse ne da ya sandare a cikin ƙasa tun zamani mai nisa. Ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasa mai laushi da ke kansu, har suka fito fili.

Daga bisa dutse aka fi ganin kyan wurin. Wanda ya hau zai hangi ruwa, da bango, da ƙauyuka, da gonaki kore shar, duk a lokaci ɗaya. Saboda wannan kyan gani ne aka gina wani masaukin baƙi a kan dutse a Tiga, aka sa masa suna Rock Castle. A Bagauda ma an gina babban otal a bakin ruwa. Wurin yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Wannan ya nuna tun farko an yi nufin mutane su riƙa zuwa kallo da hutawa.

Abu na uku shi ne masunta. Da safe sukan dawo da kwale-kwale, su zube kamun dare a bakin ruwa. Akwai karfasa, da tarwaɗa, da ƙurungu, da ragon ruwa. Baƙo zai ga yadda ake gyaran koma, da yadda ake banda kifi don kada ya lalace kafin a kai kasuwa.

Abu na huɗu tsuntsaye ne. A bakin ruwa irin wannan ana ganin balbela da zalɓe da kirinjijiya. Da sanyi kuma wasu tsuntsaye sukan zo daga ƙasashen Turai. Sukan ƙetare teku da hamada don gudun sanyin ƙasarsu, su koma idan bazara ta yi.

Abu na biyar shi ne kanal, wato babbar hanyar ruwa da aka gina. Ta nan ruwa ke fita, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa gonaki. Manomin rani da ya tsaya a nan ya ga mafarin ruwan gonarsa.

DUTSE DA RUWA DA GONA

Baƙo mai hankali ba zai tsaya ga kallo kawai ba. Zai tambayi kansa, daga ina wannan ruwa ya fito?

Daga tudu ya fito. Kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta tudu da duwatsu, ya kuma fi samun ruwan sama. Can ne duwatsun Riruwai suke, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ruwan da ya sauka a kan tuddan kudu yakan gangaro cikin ƙoramu. Ƙoramu su haɗu su zama Kogin Kano. Kogin ya ratsa Dajin Falgore, ya zuba cikin tafki.

A nan itatuwa da ciyawa ke da babban aiki. Saiwoyinsu ne ke riƙe ƙasa. Idan aka sare itatuwan tudu don itace ko gawayi, ko aka ƙone daji, sai ruwan sama ya kwashi ƙasa da yashi ya kai cikin tafki. Laka ta yi ta taruwa a ƙasan ruwa shekara da shekaru. Tulun da rabinsa laka ce ba ya cin ruwa kamar da. Haka tafki yake. Ashe mai sare itace a kan tudu yana rage ruwan mai tumatir a Kadawa, ko da ba su san juna ba.

RIBA DA HASARA

Ruwan Tiga ya kawo arziki. Da shi ake noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa a Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na wannan aiki ya shayar da kadada 22,000. Matasa da yawa da a da suke tafiya cin rani sun sami abin yi a gida. Birnin Kano ma na samun ruwan sha daga gare shi.

Amma akwai waɗanda suka yi hasara, kuma ya kamata baƙo ya san da su. Da ruwa ya taru, ya cinye ƙauyuka da gonaki da makabartu. Dubban mutane suka tashi daga gidajen kakanninsu aka sake musu matsuguni. A ƙarƙashin ruwan da ake kallo akwai kufai.

Akwai kuma mutanen gangare. Kogin Kano yakan haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗejiya. Shi ne ke bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, ya shiga fadamun Haɗejiya da Nguru, daga nan ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. A da, ambaliyar damina ce ke cika waɗannan fadamu. Manoma su shuka shinkafa, masunta su kama kifi, Fulani su sami ciyawa da rani. Da aka tare ruwa a Tiga, aka kuma gama dam ɗin Challawa a 1992, sai ambaliyar ta ragu. Ɗan ruwan da ke gudana rani da damina kuma ya sa ciyawar kacala ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Darasin da ke nan shi ne, kogi ɗaya ne ya haɗa Kano da Jigawa da Yobe da Barno. Manomin da ya bar ruwa na malala banza a bakin gonarsa, haƙƙin wani ya zubar.

LOKACIN DA YA FI DACEWA

Kaka ta fi kowane lokaci, wato watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Tafki a cike yake, ganye bai bushe ba, sama kuma garau. A lokacin ne ake hango duwatsu daga nesa. Aikin gona ma ya yi sauƙi, kuma akwai ɗan abin hannu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan kawo hazo. Ranar da hazo ya yi yawa, baƙo zai je ya dawo bai ga dutse ba, bai ga ƙarshen ruwa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai tsanani, ruwa ya ja baya, dutse ya yi zafin da ba ya takuwa. Da damina kuwa hadari na iya tasowa ba shiri, ga kuma aikin gona.

SHIRI KAFIN TAFIYA

Tafiyar jama'a ta fi ta mutum ɗaya sauƙi da arha. Aji ko ƙungiya su zauna su zaɓi shugaban tafiya, da ma'aji, da magatakarda. A yi adashi, kowa ya riƙa zuba kaɗan duk mako. Magatakarda ya rubuta sunan kowa da abin da ya biya. Ajin mata ma na iya shirya tasu tafiyar tare da malamarsu, bayan sun nemi iznin mazajensu.

A tura mutum ɗaya ko biyu su fara zuwa. Su ga hanya, su tambayi halin tsaro, su san inda aka yarda baƙi su tsaya. Dam kayan gwamnati ne, akwai masu gadi. Ya fi kyau a rubuta takardar neman izni tun da wuri. Ga misalinta:

Zuwa ga Jami'i Mai Kula da Dam ɗin Tiga.
Bayan gaisuwa mai yawa. Mu ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na ƙauyen ........ muna neman izni mu kawo ziyara ranar ........ Mu mutum ........ ne. Muna roƙo a haɗa mu da wanda zai zagaya da mu ya yi mana bayani. Mun gode.
Sa hannun shugaban tafiya da na malamin aji.

A yi shatar mota mai lafiya, kada a yi mata lodi fiye da ƙima. A tashi bayan sallar asuba, a bar bakin ruwa da la'asar, don kada dare ya yi a hanya. A shirya zuwa da dawowa rana ɗaya.

Guzurin da za a ɗauka: ruwan sha mai tsabta daga gida, da abinci, da tabarma, da buta, da malafa, da takalmi mai kama ƙasa, da doguwar igiya, da buhun zuba shara. Kowa kuma ya riƙe littafinsa da fensir.

TSARE RAI

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci. Ruwa abin sha'awa ne, amma ba ya wasa.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, a nan Jihar Kano. An yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Abin da ya faru a Bagwai na iya faruwa a kowane ruwa idan aka yi sakaci. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a shiga jirgi ko kwale-kwale ba tare da rigar ruwa ba, wato rigar da ke hana mutum nutsewa. Idan babu ita, a haƙura da shiga. Kallo daga gaɓa ya isa.

2. A tambayi mai jirgi mutum nawa jirginsa ke ɗauka, a ƙirga. Idan mutane sun yi yawa, a yi sawu biyu. Kuɗin sawu na biyu bai kai ran mutum ɗaya ba.

3. A zauna a cikin jirgi. Kada a miƙe tsaye, kada a taru gefe ɗaya don kallo ko ɗaukar hoto.

4. Kada a shiga ruwa da dare, ko idan hadari ya haɗu, ko iska ta taso. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta hana tafiyar dare a ruwa.

5. Kada a yi iyo. Wanda ya iya ruwa a rafin ƙauyensu bai san ƙasan tafki ba. Akwai ramuka, da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, da tsofaffin komaye masu sarƙe ƙafa.

6. A nisanci mafitar ruwa da bakin kanal. Ruwan wurin na da ƙarfin ja, gefen kuma na da santsi. Wanda ya faɗa da wuya ya fito da kansa.

7. Idan wani ya faɗa ruwa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi. A miƙa masa gora, ko a jefa masa igiya, ko jarka marar komai da aka rufe bakinta. A yi kururuwa a kira masunta.

8. Kowane yaro ya kasance a hannun babba. A ƙirga mutane kafin a tashi, a kuma ƙirga kafin a dawo.

Akwai wani haɗarin da ido ba ya gani, wato tsargiya, ciwon fitsarin jini. Ƙwayar cutar na zaune a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya. Takan fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shiga jini. Mai ciwon kuma idan ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, sai cutar ta koma jikin dodon koɗi, ta kama wani. Ana samun wannan ciwo a wuraren tafki da noman rani. Don haka kada a yi wanka a ruwan, kada a sha shi, kada a ƙazantar da shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti. Akwai maganinsa, kuma yana warkewa.

Hawan dutse ma na da ƙa'ida. A hau tare da ɗan gari wanda ya san hanya. Kada a sa hannu cikin kogo ko tsaga, domin akwai maciji da kunama da ƙudan zuma. Jiƙaƙƙen dutse na da santsi. Idan aka ji tsawa a sauko nan da nan. Tsofaffi da masu juna biyu da masu hawan jini su tsaya a ƙasa. Dajin Falgore kuwa ba a shigarsa sai da iznin hukuma.

LADABIN BAƘO

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Idan an isa, a fara gaida mai gari ko mai unguwa, a kuma gaida Sarkin Ruwa. Su suka san inda ke da zurfi da inda ba a zuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, balle matan aure. Kada a ɗauki hoton injuna da ƙofofin dam sai masu gadi sun yarda. Kada a taɓa koma ko kwale-kwalen wani. Kada a ratsa gonar mutane, ko a tsinki abin da aka shuka.

Wanda zai sayi kifi ya yi ciniki da mutunci, ya biya. Kuɗin da baƙo ya kashe a wurin, shi ne ribar 'yan gari daga ziyarar. Idan suka ga amfani, za su yi maraba da na baya.

A tattara leda da gwangwani da ragowar abinci a cikin buhu a tafi da su. Leda na kashe kifi da dabbobi. Kada a kunna wuta a ciyawa, kada a sari itace, kada a yi rubutu a jikin dutse.

BAYAN AN DAWO

Kashegari aji ya zauna. Ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, kowa ya ji. Kowane ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta a littafinsa. Wanda bai sami zuwa ba ya yi tambaya. Sannan a duba ko akwai abin da aka gani da zai amfani ƙauye, kamar dashen itatuwa a bakin rafi, ko gyaran hanyar ruwa, ko hana yara wanka a kududdufi.

Waɗanda Tiga ta yi wa nisa su nemi tafki ko dutsen da ke kusa da su. Ƙa'idodin shiri da na tsare rai duk ɗaya ne a ko'ina.

SABABBIN KALMOMI

Yawon buɗe ido: tafiya don kallo da ƙaruwa.
Madatsar ruwa: bangon da aka tare kogi da shi.
Tafki: ruwa mai yawa da ya taru wuri ɗaya.
Kanal: hanyar ruwa da aka gina zuwa gonaki.
Mafitar ruwa: inda ruwa ke fita idan tafki ya cika.
Rigar ruwa: rigar da ke hana mutum nutsewa.
Tsargiya: ciwon fitsarin jini.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka fara ginin dam ɗin Tiga, a wace shekara aka gama?
2. Mene ne bambancin dam da tafki?
3. Me ya sa kaka ta fi hunturu dacewa da kallon duwatsu?
4. Ta yaya sare itatuwan tudu ke rage ruwan tafki?
5. Su wane ne suka ci ribar ruwan Tiga, su wane ne suka yi hasara?
6. A faɗi abubuwa huɗu da za a kiyaye kafin a shiga jirgin ruwa.
7. Ta yaya tsargiya ke kama mutum?

LISSAFI

1. A ɗauka aji na da mutum 18, kuma shatar mota Naira 90,000 ce. Nawa kowa zai biya?
2. Idan za a tara kuɗin cikin mako 10, nawa kowa zai zuba duk mako?
3. Jirgi na ɗaukar mutum 6. Sawu nawa zai yi kafin ya kwashe mutum 18?

AIKIN YI

Kowane ɗalibi ya kwafi takardar neman izni a littafinsa, ya cike guraben da aka bari. Sannan ya rubuta jimla biyar a kan wani ruwa ko dutse da ke kusa da garinsu. A ba malamin aji ya duba.